Kujera Mai Ruwan Madara

Mijina kujerun kushin yake yi, kuma duk abin da ya dame shi a duniya sai ya ɗauka matsalar yadi ce. Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Gajeriya yake ce min, don duk kujerar da na hau ƙafafuna lilo suke yi kamar na 'yar firamare.

Shi ya sa ya yi min tawa. Ya zaunar da ni a bencin shagonsa, ya auna daga bayan gwiwata zuwa diddige, ya rubuta a bango da fensir. Bayan sati uku ya shigo da ita falo, an lulluɓe ta da yadi ruwan madara mai laushi. Ya tsaya yana goge hannu a wando, yana jira in zauna.

Na shafa ta, na ce ta yi kyau, na wuce kicin.

Abin da bai sani ba shi ne, a shekarar al'adata ta rikice. Kwana takwas nake yi jini na zuba, har da guda-guda, wani lokaci ma ya riga ranarsa. Na taɓa tashi daga kujerar shugabar makarantar da nake koyarwa na bar mata tabo, ta yi kamar ba ta gani ba, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Tun daga ranar na daina yarda da jikina, ko a kwanakin da nake lafiya lau. A aji a tsaye nake wuni, ɗalibai suna cewa Malama ba ta gajiya. A gida kuma kujerar roba ce tawa. To ina ni ina ruwan madara?

Bawan Allah sai ya yanke hukunci cewa launin ne bai yi min ba. Ya kwashe ta zuwa shago, ta dawo koriya. Na ce ta yi kyau. Bayan wata huɗu ta dawo ruwan toka mai furanni. Na ce wannan ma ta yi kyau. Ya canza soso, ya rage tsayin hannuwan, ya ƙara mata matashi. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Kunya ta riƙe min baki, shi kuma ƙusa da guduma kaɗai ya iya magana da su.

Wata Asabar da hantsi na fito na tarar yana ɗaure ta da igiya.

"Ina za ka kai ta kuma?"

"Shago," ya ce, bai ɗago ba. "Masu jiran aiki su riƙa zama. Na gane, Gajeriya. Ba yadin ba ne, aikin hannuna ne ba kya so."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya kama ni lokaci guda. Na fizge igiyar na ce, "Kai dai ba ka da kai, Maigida! Tsoron ɓata ta nake yi." Na faɗa masa komai, har zancen kujerar shugaba, ina kuka ina masifa.

Ya zauna daɓas a ƙasa. "Shekara biyu? Kina zubar da jini haka, ni ina can ina zaɓen furanni?"

Ranar Litinin ya rufe shago ya kai ni asibiti. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba cikin idona ta ce jinina ya yi ƙasa, ta yi min faɗa son ranta. Aka yi gwaje-gwaje da hoto. Ta tambaya ko jini ya taɓa daskare min a ƙafa ko a huhu, ko wani a danginmu. Na ce a'a. Sannan ta rubuta maganin ƙarin jini da wasu fararen ƙwayoyi.

"Waɗannan a kwanakin zubar kawai za ki sha, kada ki wuce yadda na rubuta," ta ce. "Jikinki yana toshe inda jini ke fita, amma toshiyar tana saurin narkewa. Maganin yana riƙe ta ne ta daɗe. In ƙafarki ta kumbura ko numfashi ya yi miki wuya, ki dawo nan take. Kuma ban da raba wa maƙwabta."

Mijina ya ɗaga yatsa. "Likita, wato ɗinkin yana nan, ƙullin ƙarshe ne babu?"

Ta cire tabarau ta dube shi. "Me kake yi ne, Malam?"

"Kujeru."

"To ka fi wasu ɗalibaina ganewa."

Har muka isa kantin magani yana taƙama da wannan magana. Da hannunsa ya miƙa takardar, ya sa mai kantin ya maimaita masa ƙa'idar sau biyu.

A hanyar gida ya ce zai sa wa kujerar baƙar leda, wadda ake gogewa da tsumma. Na ce a'a, ruwan madarata nake so. Ashe bai yar da yadin ba, yana naɗe a saman kabad ɗin shago. A satin ya mayar wa kujerar da shi.

Watan farko ban yi ƙarfin halin zama a kanta ba, ko da yake na ga sauƙi sosai. A wata na biyu, a rana ta biyu ta al'adata, wadda ta fi kowace muni a da, na dawo daga makaranta na ajiye jaka. Yana falo yana gyara maɓallin fanka. Na wuce kai tsaye na zauna a kujerar.

Bayana ya nutse a soson. Na yi minti ashirin ina kallon agogo, sannan na miƙe na juya. Yadin fes, kamar ranar da ya kawo ta.

Shi kuwa ko kallon yadin bai yi ba.

"Koma ki zauna," ya ce. "Ban gani da kyau ba."

Na koma. Ya durƙusa, ya kwantar da kai gefe yana leƙen ƙafafuna. Duka biyun suna ƙasa, har diddige.

"Shekara biyu ina zaton na kuskure awon," ya ce.