Igiya a Ƙafar Saleha

A ƙauyenmu na bakin kogin Hau, yaro kan iya iyo tun kafin ya iya ɗaura zariyar wandonsa. Gidajenmu a kan dirkoki suke, in ambaliya ta zo ruwa ne a ƙarƙashinka, ruwa a gabanka, ruwa har bakin masallaci. Shi ya sa da yaro ya fara rarrafe ake ɗaura masa igiya a ƙafa, a ɗaure ɗaya bakin a ginshiƙin tsakar ɗaki, don kada ya silale ta ƙofa uwarsa na can tana saƙa. Da ya yi wayo sai kakansa ya ɗaura masa busassun kwakwa biyu a hammata ya jefa shi ruwa. Ya sha, ya yi kuka, ya iya. Daga ranar an kwance igiya ke nan.

Saleha kuwa shekararta bakwai, kuma igiya na ƙafarta.

Ba wanda bai san dalili ba, shi ya sa ba mai iya ɗaga murya a kan uwarta Rofiah. Ambaliya biyu da suka wuce, kwalekwalen da ke kai yara makaranta ya kife a tsakiyar kogi. Aka tsamo na tsamowa. Yakob, ɗanta na fari, sai washegari aka same shi can ƙasa cikin ciyawar ruwa, jakar makaranta na goye a bayansa. Tun daga ranar Rofiah ta ce ita da makaranta har abada, ta boko da ta masallaci duka. Ta cire ƙyauren tsohuwar taga ta shafe shi da baƙin tukunya, ta samo alli, ta ce ita za ta koyar da sauran biyun, Saleha da ƙaninta Dolah mai shekara huɗu.

Kuma fa ta koyar, kar wani ya raina mata. Da safe in mijinta Samsudin ya tafi kamun kifi, sai ta ture masaƙa gefe, ta zaunar da su a tabarma. Baƙaƙe a jikin ƙyaure, lissafi da ƙwallon tsamiya, ƙananan surori bayan azahar. Saleha kai gare ta kamar me. Takardar da aka naɗo gishiri a ciki ma sai ta warware ta karanta. Malamar makaranta ta taɓa shigo kwalekwale ta zo da niyyar faɗa, ta ji karatun yarinyar, ta koma bakinta a mace.

Sai dai kafin baƙaƙe, kafin lissafi, akwai darasin da ake buɗe kowace safiya da shi. Rofiah za ta duba ƙullin ƙafar kowannensu, ta ja ta ji ya kama, sannan ta tambaya.

"Ruwa me yake yi?"

"Yana cin yara," su amsa tare.

"Wa ya ci?"

"Yaya Yakob."

"Me ke hana shi cin ku?"

"Igiya."

Dolah da waƙa yake faɗa, yana kaɗa kai, bai san me yake cewa ba. Saleha ta sani. Ta tuna yayanta, ta tuna ranar da aka hau da shi tsani yana ɗigar ruwa. Idon sawunta har ya yi kanta, wani baƙin zobe a zagaye. Igiyarta na kaiwa madafa, tana kaiwa makewayi, amma ba ta kaiwa bakin ƙofa. Daga inda ta ƙare Saleha kan tsaya ta hango yaran maƙwabta suna faɗowa daga rufin kwalekwale suna ihu. Ba sha'awa suke ba ta ba, tausayinsu take ji.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne surukin Rofiah, Baba Romly, tsohon da rabin ƙauyen nan a hannunsa suka sha ruwan farko. Wata safiya ya hau tsani yana nishi, kwakwa biyu na rataye a wuyansa.

"Ina amaryata? Taso mu je ki ga gari, kin zauna sai fari kike kamar garin rogo."

Saleha ta ga kwakwar, ta ja da baya ta rungume ginshiƙi.

"Baba, don Allah a ajiye wannan a waje," in ji Rofiah, ba ta ɗago daga ƙyauren ba. "Karatu muke."

"Karatu? 'Yar nan, ko akuya ana kwance ta ta sha iska. A kan ruwa kika haife su, a kan ruwa za su rayu. Ki ba ni ita da hantsi kawai, nan gindin tsani, inda ruwa bai kai ƙirjina ba."

"Yakob wa ya koya masa iyo?"

Rofiah ta ɗago ta dube shi.

"Ba kai ba ne, Baba? Duk ƙauyen nan wa ya kai shi iyo? Har tsallake kogi yake kuna tafa masa. Me iyon ya hana?" Ta ajiye allin. "Na ba da ɗaya. Ba zan ƙara ba."

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji shi. "Amma ki sani, ranar da ruwa zai hau ɗakin nan ba zai tambayi yarinyar nan baƙi ko wasali ba."

Ya sauka da kwakwarsa. Da yamma ya tare ɗansa a bakin ruwa, amma Samsudin mutum ne da baƙin ciki ya ɗaure wa harshe. Ya ce, "Baba, a bar ta. In na yi magana kwana take kuka." Ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Ambaliyar bana ta zo da fushi. Ruwa ya cinye matakalar tsani ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in ka leƙa ta tsagin katako kana ganinsa yana wucewa, ja, ɗauke da rassa da mushen kaji. Rofiah ta rage tsawon igiyoyin. Ran nan suna tsakiyar lissafi, ƙwallayen tsamiya a jere, sai lasifikar masallaci ta ɓarke: madatsar ruwan da ke can sama ta ɓalle, kowa ya fita, a nufi tudu tsallaken kogi.

Ba a jima ba ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasan tabarma. Ƙwallayen suka tashi suna yawo. Samsudin ya iso da kwalekwale, Baba Romly a ciki, suka kama bakin ƙofa, don tsani ya riga ya nutse.

"Miƙo yaran! Bar kayan, miƙo yaran!"

Rofiah ta kwance Dolah ta miƙa wa tsohon. Ta juyo ta durƙusa gaban Saleha, ta kai hannu ga ƙullin. Yarinyar ta dafe shi da hannu biyu.

"Umma, a'a."

"Saki, Saleha. Jirgi za mu shiga."

"Jirgi a kan ruwa yake."

"Na sani. Sakar mini."

"Zai ci ni! Ke kika ce!"

"Wannan ba zai ci ki ba, ga Babanki, ga Kaka..."

"Yaya Yakob ma a jirgi yake!"

Innalillahi. Rofiah ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba ƙarya ko ɗaya a bakin yarinyar, duk karatunta ne ake mayar mata, bai ɓata ko kalma ba. Ɗakin ya yi wata ƙara, dirka ɗaya ta goce, tukwane suka gangaro. Ta yi lallashi, ta yi tsawa, har ta ɗaga hannu ta mare ta, abin da ba ta taɓa yi ba. Saleha ta sha marin, ta ƙara ƙanƙame ginshiƙin.

Samsudin ne ya tsallako da wuƙar gyaran kifi, ya datse igiyar daga jikin ginshiƙi, ya ɓamɓare yatsun 'yarsa ɗaya bayan ɗaya. Ta cije shi har jini. Ya sungume ta tana ihun da ba a taɓa jin irinsa a ƙauyen nan ba, igiya na jan ƙasa a bayanta.

A cikin kwalekwalen abin ya fi muni. Tana miƙewa tana faɗuwa, jirgi na tangaɗi, ruwa na shigowa ta gefe. Ta rarumo bakin igiyar tana ƙoƙarin zagaya shi a katakon zama.

"Ɗaure ni! Umma, ɗaure ni!"

"Kada ki kuskura!" Baba Romly ya daka tsawa, Dolah na ƙirjinsa. "Jirgin nan ya kife, da ita zai nutse!"

"To in ba ta zauna ba ita za ta kifar da mu!" in ji Samsudin, yana kokawa da sandar tuƙi.

Rofiah ta dubi katakon, ta dubi kogin. Gabansu kaɗan ne wurin da ruwa ke juyawa, inda kwalekwalen su Yakob ya kife, wurin da ta shekara biyu ba ta yarda ta kalla ba. Ta karɓi igiyar ta zagaya a ƙugunta, ta yi irin ƙullin da ta saba, wanda ta zaɓa tun farko don ba ya kwantuwa da sauƙi. Kowa a jirgin ya san in ɗaya ta faɗa, biyu ne suka tafi.

Saleha ta laluba ƙullin, ta ja ta ji ya kama. Nan take ta yi tsit, ta cusa kai a cinyar uwarta. Haka suka ratsa tsakiyar kogi, Rofiah ido a rufe, tana jin bugun zuciyar 'yarta a gwiwarta.

Allah ya yi da sauran kwana, suka tsallake. Kuma ina aka sauke mutane? A makarantar nan dai, don ita ce ginin da ya fi tudu. An ture bencina gefe, mata na shimfiɗa tabarmi, ana rabon dafaffiyar shinkafa. Yara kuwa ko a jikinsu. Sun mayar da barandar wurin wasa, suna tsalle cikin ruwan da ya cika filin ƙwallo, iyaye na zaginsu suna dariya.

Rofiah ta zauna a lungun aji, da ƙyar ta kwance igiyar daga ƙugunta. Baba Romly ya tsuguna kusa da ita, bai ce mata na faɗa miki ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye.

"Baba, in ruwa ya janye... ka zo da kwakwar."

"Zan zo," in ji shi. Amma ba ita yake kallo ba.

Ta bi idonsa. Saleha ta tsaya gaban babban allo, karon farko a rayuwarta cikin aji, ta karance abin da aka bari a rubuce tun daga sama har ƙasa, ba gargada. Da ta gama sai ta waiga, ta zaɓi bencin da ya fi nisa da ƙofa, ta durƙusa ta ɗaure bakin igiyarta a ƙafarsa. Irin ƙullin uwarta sak. Ta jawo Dolah ta zaunar kusa da ita, ta riƙe masa idon sawu da hannu tunda tasa igiyar ta tafi da gidan, ta tanƙwashe ƙafa.

"Umma, mun shirya. Fara tambaya."

Rofiah ta fashe da kuka. Saleha ta jira ta, ta jira. Da ta ga ba za ta iya ba, sai ta juya ga ƙaninta, ta gyara murya.

"Dolah, ruwa me yake yi?"

"Yana cin yara," in ji Dolah, yana kaɗa kai.