Jibin Mama a Saman Bene

Ikilisiyar da ke saman kantin tayoyi ba ta taɓa yanke hukunci bisa kuskure ba. Wannan ba alfahari ba ne, tsari ne. Tun kafuwarta dattawan farko suka haramta ƙuri'a, suka ce ɗaga hannu aikin 'yan siyasa ne, 'ya'yan Allah kuwa zuciya ɗaya gare su. Don haka duk maganar da ta zo gaban majalisar dattawa sai an tattauna ta, an yi addu'a a kanta har kowa ya gamsu, sannan a zartar. In mutum ɗaya bai gamsu ba, sai a jira Ruhu ya gama aikinsa a kansa. Waɗanda suka kasa jira sukan koma wasu majami'u, tafiyarsu kuma takan ƙara wa zuciyar zama ɗaya.

Tela ya yarda da wannan tsari kamar yadda ya yarda da awon da ke jikin tef ɗinsa. Shi ne dikon mai kula da teburin Jibin Ubangiji. Duk Lahadin farko ta wata shi ke sayo gurasa, ya yanyanka ta ƙanana daidai wa daida, ya jera 'yan kofuna a faranti, ya rufe da farin ƙyallen da shi da kansa ya yi wa kalmasa. Ba ya wa'azi, ba ya gardama. In ana fassara aya yakan gyaɗa kai ga duk wanda ya yi magana a ƙarshe.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Mama Mai Waƙa saboda ita ta riƙe mawaƙan mata tun tana da ƙarfinta, ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki, ƙashin ya ƙi haɗewa, zuciya ita ma ta soma kasala. Likita ya sallame su da gargaɗi: a riƙa juya ta a hankali, kada a zaunar da ita sai don cin abinci, matakala kuwa ko a mafarki kada ta hau. Aka kwantar da ita a ɗakin da ke bayan shagonsa, inda take jin ƙarar keken ɗinkinsa ta bango.

Ba ta yi ƙorafin ciwo ba. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce tunda aka yi mata baftisma ba ta taɓa rasa Jibi ba, ga shi yanzu watanni sun wuce ta, ita kuma tana jin jikinta, ta san ba ta da sauran watanni da yawa da za su wuce ta. Tana so ta ci sau ɗaya kafin ta tafi.

Tela ya ɗauka ƙaramar magana ce. Ya sami Fasto bayan sujada, Fasto ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce wannan roƙo ne mai tsarki, kuma tunda ba a taɓa fita da Jibi daga majami'ar ba, zai kai shi gaban majalisa don a yi shi bisa ƙa'ida.

Majalisa takan zauna a ofishin bayan bagade, ƙarƙashin fankar da ke juyawa ba ta ba da iska. Aka kira Tela ya tsaya bakin ƙofa ya faɗi buƙatarsa. Kafin ya rufe baki, dattijon da ake kira Girkanci ya riga ya buɗe Littafinsa. Ya ɗan koyi harshen a makarantar horar da fastoci, sunan kuma ya bi shi har furfura. Ya fara da cewa babu wanda ya kai shi ƙaunar Mama, domin ita ta yi waƙa ranar aurensa. Amma Jibi na ikilisiya ne lokacin da ta taru wuri ɗaya, haka manzo ya koyar a wasiƙarsa cikin Littafi. In aka sa gurasa a jaka aka bi layi da ita, an mai da ita laya, kamar ikon yana cikin gurasar ne ba cikin taron ba. Yau a kai wa Mama, gobe mai mura ya buga waya, jibi kuma a buɗe sashen kai wa gida-gida.

Dattijo Mai Magani, mai kantin magunguna a bakin titi, ya kawo ayar da ta yi zancen mutum biyu ko uku da suka taru cikin sunan Ubangiji, ya ce in Fasto da dikon da Mama suka haɗu a ɗaki, wa zai ce ba ikilisiya ba ce? Girkanci ya ce wannan ayar a kan sasanta 'yan'uwa take magana, ba a kan Jibi ba, a karanta abin da ke samanta.

"Dattijo," in ji Mai Magani, "kai ko ƙofar sama ka isa, sai ka tambayi mala'ika asalin kalmar ƙofa kafin ka shiga."

"Kai kuma ka saba ba mutane magani ba takardar likita, shi ya sa kake so ka yi wa Jibi haka."

Aka yi dariya, har Tela ya taya. Fasto ya ce abin farin ciki ne ganin 'yan'uwa suna binciken Nassi da ƙauna. Tunda zuciya ba ta zama ɗaya ba tukuna, kowa ya je ya yi nazari da addu'a.

Aka yi nazari. Nazarin Littafi na ranar Laraba, wanda da tsofaffi kaɗai ke zuwa, ya cika har ana tsayuwa a matakala. Girkanci ya zo da allo ya zana kibiyoyi. Mai Magani ya ba da shawarar ikilisiya duka ta tafi gidan Tela, sai aka tuna ɗakin ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu in ba a fitar da kabad ba. Daga nan tambaya ta koma mutum nawa ne ikilisiya, ko waɗanda suka tsaya a tsakar gida suna cikin taron, ko bango yana raba jiki. Wani matashi ya ce ai ikilisiyar farko a gidaje take taruwa. Girkanci ya yaba masa, ya ce gaskiya ne, amma duka take taruwa, ba wakilai take turawa ba. Mutane suka riƙa fita suna cewa ba su taɓa ƙaruwa da koyarwa kamar bana ba. A ƙarshen kowane zama akan yi wa Mama addu'a da sunanta.

Tela yakan dawo gida ya tarar da ita ta juyo da fuska wajen ƙofa. Ba ta tambaya. Shi kuma sai ya gyara mata matashi. Matarsa, wadda ita ke wanke ta tana juya ta safe da yamma, ta tare shi a shago wata rana ta ce ita ba ta yi makarantar fastoci ba, amma ta san makullin kabad ɗin kofuna a aljihunsa yake, gurasa kuma shi ke sayowa. Me ya rage?

Ya daɗe yana juya maganar. Ran da ya yi ƙarfin hali ya faɗa wa Mama, murya ƙasa-ƙasa, cewa zai iya kawo mata shi da kansa ba wanda zai sani, sai ta dube shi kamar ranar da ta kama shi yana yaro ya buɗe tukunya.

"Auta, Jibin sata za ka ba ni?"

"Mama, ba sata ba ne. Ni nake yanka gurasar nan."

"Kai kake yanka ta, amma ba kai kake bayarwa ba. Ni da na ƙare rayuwata ina koya wa mata biyayya ga dattawa, in zo bakin kabari in ci a ɓoye? In sun ce a'a, na haƙura. Amma ba su ce a'a ba ai."

Ba su ce ba kuwa. Ikilisiyar ba ta taɓa ce wa kowa a'a ba.

Fasto ya zo dubiya da dattawan biyu a tare, don a ga babu tsami a tsakaninsu. Suka zauna a bakin gado suka yi waƙa, Mama tana bin su da leɓe. Da za su tafi, Fasto ya yi ajiyar zuciya ya ce shi dai burinsa Ubangiji ya ba Mama ƙarfi ta zo ko sau ɗaya, da duk wannan nauyi ya sauka daga kan ikilisiya. Bai ce a kawo ta ba. Addu'a ce kawai ya yi da ido buɗe. Dattawan suka ce amin a tare, karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya a kan maganar.

Suna fita Mama ta ce a kai ta majami'a ranar Lahadin Jibi mai zuwa.

Matar Tela ta tuna masa abin da likita ya ce, ta maimaita, ta ce in wani abu ya faru kada ya ce ba ta faɗa ba. Ya koma wurin Mama ya roƙe ta ta ƙara haƙuri, majalisa za ta sake zama. Ta ce ta ji muryar Fasto, ta san ita ce nauyin. Ya fita ya zauna gaban keke, ya ɗora ƙafa a kan feda bai taka ba. In ya hana ta, ta mutu ba ta ci ba, shi ya hana ta. In ya kai ta, shi ya kai ta. Ya nemi wanda zai gyaɗa wa kai a ƙarshe, babu kowa a shagon.

Ranar Lahadi ta sa aka ciro mata rigar mawaƙa, fara mai shuɗin wuya. Sai da suka yi gumi kafin hannuwanta suka shiga. Wani ɗan'uwa ya ba da aron motarsa, aka kwantar da ita a kujerar baya. A ƙofar kantin tayoyi aka zaunar da ita a kujerar roba, maza huɗu suka kama. Girkanci ya tuɓe kwat ɗinsa ya kama ƙafar gaba, ya ce ba zai bar wa kowa wannan albarka ba, kuma da gaske yake.

Matakalar siririya ce, tana da kwana a tsakiya inda ko benci sai an karkata shi yake wucewa. Da suka iso wurin, ƙafafun kujerar suka soma buɗewa. Wani ya ce a ɗaga baya, wani ya ce a'a, a sauke gaba. Aka karkata ta. Tela, da ke riƙe da bayan kujerar, ya ji wani ɗan sauti daga cikin jikinta, kamar zare ya tsinke a cikin ɗinki. Ba ta yi ƙara ba. Ta dai damƙe wuyan hannunsa har farcenta ya shiga. A sama mawaƙa sun riga sun fara waƙar maraba, don haka ba wanda ya ji komai.

Da ta bayyana a ƙofa jama'a suka miƙe. Mata suka yi ta kuka. Tela ya wanke hannu ya yaye farin ƙyallen, ya ɗauki faranti ya fara da ita. Gurasar ta daɗe a bakinta. Kofin kuwa sai da ya riƙe mata, rabi ya zube a wuyan rigar. Ta rufe ido, fuskarta ta yi toka-toka, gumi na bin haɓarta, amma ta haɗiye.

Fasto ya ajiye wa'azin da ya shirya. Ya ce yau ikilisiya ta ga yadda Ubangiji ke amsa wa masu jira: ba a karya Nassi ba, ba a karya zumunci ba, Mama kuma ta ci Jibi. Da an yi gaggawa irin ta duniya, da yanzu an rabu gida biyu. Ya sanar cewa tunda buƙatar ta biya, majalisa ta cire maganar daga gabanta da zuciya ɗaya. Girkanci da Mai Magani suka rungumi juna a gaban bagade, aka yi tafi.

Saukowa ta fi hawa wuya, masu kamawa kuma sun ragu, domin akwai taron matasa bayan sujada.

A gida suka shimfiɗa ta. Ƙafarta ta hagu ta juya waje, ta fi ɗayar gajarta. Matarsa ta duba, ta dube shi, ba ta ce ai na faɗa ba, ta fita kiran likita. Mama tana numfashi sama-sama. Ya yi ƙoƙarin ɗaga kafaɗarta don ya cire mata rigar da ta jiƙe, sai ta saki wani nishi da bai taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Ya mayar da ita a hankali.

"Auta," ta ce, idonta a rufe, "kada ka gaya musu. Yau suna murna."

Wayarsa tana ta ƙara a aljihu, 'yan'uwa na turo saƙon godiya ga Allah da hoton Mama da kofi a bakinta. Ya shiga shago ya ɗauko almakashi, ya durƙusa a gefen gadon. Ya nemo bakin ɗinkin a ƙasan hammata, ya soma tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, yana bin layin a tsanake don kada ya taɓa yadin, yadda za a iya mayar da ɗinkin rigar in an sake buƙatarta.