Shinkafar Mang Ambo a Kan Kwalta

Tsohon nan Mang Ambo ba kullum yake gane 'yar cikinsa ba, amma ku tambaye shi noma ku sha labari. Shekara biyu Safiatu tana jinyarsa a unguwar Jamaica, har ta haddace garinsu na can Filifin kamar a nan aka yanke mata cibi: teku a gaba, dutse a baya, kwakwa a gangare, sai 'yar fadamar shinkafa da ruwan gishiri ke ci duk shekarar da guguwa ta zo. Fili kuwa babu. Shi ya sa in an yi girbi a kan kwalta suke shanya, motoci su raɓa ta gefe.

'Yarsa Luz, wadda nas ce, ta riga ta ja kunne. Sau biyu yana sulalewa waje, in ya ƙara sai gidan tsofaffi. Safiatu ta yi aiki a irin gidajen nan, ta san tsohon ba zai kai bazara a ciki ba.

To, tausayi ne ya ja mata. Ta ga hannuwansa ba sa zama wuri ɗaya, sai ta zuba masa shinkafa a faranti ya riƙa bazawa a bakin taga. Kai, ranar har waƙa ya yi da yarensu na Tagalog! Ashe manomin da ke barci ta tasa.

Ran Talata tana sallame la'asar ta ji gidan tsit. Ƙofa a buɗe, buhun shinkafar kicin babu. Innalillahi!

A tsakiyar titi ta same shi. Ya baje buhun kaf a kwalta, ga ruwa ya kece, yana durƙushe yana tattarawa da tafin hannu, bas na danna masa hon.

"Baba, taso, don Allah taso!"

"Za ta tsiro," in ji shi yana kuka. "In ta jiƙe za ta tsiro."

Ana haka Luz ta dawo daga aiki. Safiatu ta sadaƙar za a yi ihu. Amma sai Luz ta durƙusa da kayan aikinta kusa da ubanta, tana dumbuzar shinkafa da laka tana zubawa a buhu, har suka gama. Ta ɗaure bakin buhun, ta ɗago tsohon ta share masa fuska.

Sannan ta juyo, muryarta a dushe. "Anti Safiatu, ki haɗa masa kayansa."