Harlan Tsakanin Gada Biyu

"Ɗaga ƙafar mana, ko sai na sungume ka kamar buhun masara?" na ce wa Harlan.

"Buhun masara ai ya fi ni nauyi yanzu," ya ce. "Kai dai riƙe jirgin, Dewey, kada ka kifar da ni tun ba mu tashi ba."

Gaskiya ya faɗa. Da na tallabe shi na ɗora shi a kujerar gaba ta jirgin ruwan, riga da ƙasusuwa kawai na ji a hannuna. Ciwon daji ya gama cinye masa huhu, likitocin Springfield sun sallamo shi gida tun watan Yuli, nas ɗin da ke zuwa duba shi kuma ta ce wa matarsa Lorene ta fara kiran 'ya'ya. Shi kuwa ya ce ba 'ya'ya yake son gani ba, kogi yake son gani. Shinge ɗaya ya raba gonata da tasu, don haka ni aka ɗora wa aikin.

Lorene ta ajiye tukunyar iskarsa tsakanin ƙafafunsa, ta gyara masa robar da ke hanci, ta tura ledar burodi da soyayyen ƙwai ƙarƙashin kujera, alhali ta san ba ci zai yi ba. Ita ta kawo mu gadar sama a a-kori-kurarsu, ita ce kuma za ta zagaya da motar ta jira mu a gadar ƙasa, tunda kogi ba ya mayar da mutum inda ya ɗauko shi. Kafin ta tafi ta yafito ni gefe.

"Ban hana shi ba don ba ya hanuwa," ta ce. "Amma ka saurare ni da kyau. Tun da aka dawo da shi a kan kujera nake kwana a gefen gadonsa, ko coci na daina zuwa, don kada ya tafi ba na nan. Kada mutumin nan ya mutu a hannunka, Dewey. Ka kawo mini shi da numfashinsa."

"Ni ne Allah, Lorene?"

"Kai ne mai filafili."

Ta shiga mota ta ja, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ruwa ya ja baya sosai, yadda ya saba kowace Satumba, ya yi garau har kana ganin tsakuwar ƙasa. Ina baya ina tuƙi da filafili, shi yana gaba da akwatin kotonsa na kamun kifi a buɗe bisa cinya. Akwatin nan ya girmi ɗana na fari. Sai jujjuya kayan ciki yake da yatsa: cokulan ƙarfe masu walƙiya, tsutsotsin roba, 'yan kifayen katako da fentinsu ya koɗe.

"Sa jatan landen roba ka ja shi ta ƙasa," na ce. "Rana ta fito, ruwa ya yi haske. Kifayen bas duk sun shige ƙarƙashin duwatsu."

"Roba," ya ce, ya tofar da yawu a ruwa. "Kai kullum roba, sai ka ce mai facin taya."

Ya zaro wani tsohon koton katako mai 'yar farfela a wutsiya, irin wanda ke yawo a saman ruwa yana fantsama.

"Wannan na asuba ne da almuru, Harlan. Da hantsi ba kifin da zai taso masa."

"Wanda ba zai iya tasowa ya gaishe ni ba, ya yi zamansa. Ni dai ba na bin kifi ƙasa."

Ya yi ta fama ya ƙulla zaren a jikin koton, yatsun suka ƙi. Ya zagi zaren, ya zagi wanda ya yi shi. Can sai ya miƙo mini ta kan kafaɗa ba tare da ya juyo ba. Na ƙulla na mayar masa.

Jifarsa ba ta nisa yanzu. Mutumin da a da yake sauke koto a gindin kututture daga tsakiyar kogi, yau da ƙyar yake wuce tsawon jirgi biyu. Sai na riƙa matsar da jirgin kusa da gaɓa a hankali, ina yi kamar ruwa ne ke kai mu. Ya gane, amma ya bar ni da dabarata. Muka wuce zalɓe a tsaye a bakin ruwa, muka wuce kififiyu jere a kan gungume suna shan hantsi, ba abin da ya taɓa koton.

A gefen wata itaciya da ambaliya ta kayar ne ruwan ya fashe. Bas ne mai ƙaramin baki, jikinsa launin tagulla, ya kai tsawon damtsena. Ya yi tsalle sama ya girgiza kai, ya nutse ya nufi rassan. Sandar fatsar ta lanƙwashe, Harlan ya kasa naɗe zaren.

"Kawo in taya ka."

"Taɓa sandar nan in karya maka hannu."

Na bar shi. Ya ɗauki lokaci, amma ya jawo shi har gefen jirgi. Na kama kifin ta leɓe na ɗago masa. Ya ƙura masa ido, ya shafa bayansa da yatsa ɗaya.

"Da hantsi," ya ce. "Ka gani ko, mai facin taya? Sake shi ya tafi."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Da ya lafa na leƙa fuskarsa na ga leɓunansa sun yi launin toka. Numfashin ma ya sauya, ya ja, ya yi shiru, sai ka fid da rai sannan ya sake ja. Na ga irinsa ranar da mahaifina ya rasu, ban buƙaci nas ta fassara mini ba. Na duba waya don dai in ce na duba, ba ta taɓa kamawa a kwarin nan ba. Ko rabin hanya ba mu ci ba, kuma babu titi ko gida tsakaninmu da gadar ƙasa. Tsoro ya kama ni, na ajiye komai na duƙufa kan filafili.

Inda ruwa ya yi ƙasa jirgin ya riƙa gogar tsakuwa, sai in dira in ja shi da igiya, gwiwoyina na ƙara, in koma in ci gaba. Haka muka yi ta yi har muka iso Gurbin Alfadari, wanda ya fi kowane gurbi zurfi a kogin nan, ƙarƙashin wani dogon dutse mai inuwa. Duk manyan kifayen da Harlan ke cika baki da su a shagon aski, a nan ya kama su.

"Rage gudu," ya ce.

Ban rage ba.

"Dewey, Gurbin Alfadari ne fa."

"Na gani."

"Jifa ɗaya."

"Ko rabi."

"Ɗan banza. Tsere muka zo yi?"

"Lorene na jira."

"Lorene ta saba jira."

"Wannan jiran daban ne, kai ma ka sani."

Ya ɗaga sandar ya gwada jifa muna cikin tafiya. Koton ya faɗi nan gefen jirgi, ya biyo mu yana jan ruwa. Ya ba ni tausayi ƙwarai, amma ban sassauta ba. Sai da dutsen ya koma bayanmu ya sake magana.

"Ita ta sa ka?"

"Ita."

Ya kwantar da sandar a kan cinya.

"To tuƙa da kyau mana. Kana tuƙi kamar mai juya miya."

Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Kowace kwanar kogi in kira sunansa, ya ɗaga yatsa. Daga baya yatsan ma ya daina, sai dai in zuba wa bayan rigarsa ido in ga ko tana motsi.

Daga bakin gadar ƙasa Lorene ta hango yadda nake tuƙi tun muna nesa. Kafin mu iso ta tayar da mota, ta juyo da ita bakin ruwa, ta shigo kogin da takalmanta har gwiwa. Ta kama hancin jirgin, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Harlan."

Ya buɗe ido kaɗan.

"Kama ƙafafun mu sa shi a mota," na ce. "In muka yi sauri…"

Ta dubi motar, ta dubi hanyar duwatsun da ke hawa tudu, ta dube shi. Leɓunansa suka motsa, ta kai kunne.

"Wai ka hana shi Gurbin Alfadari," ta ce.

"Ke kika sa ni."

"Na sani."

Ta tattare siket ɗinta da ya jiƙe ta hau jirgin, ta zauna a ƙasa bayan kujerarsa, ta jawo shi ya jingina da ƙirjinta.

"Akwai wani gurbi a nan kusa?"

"Akwai ƙarami, gaba kaɗan. Ba kifin kirki a ciki."

"Kai mu."

Na kai su. Na tsayar da jirgin a inuwa na riƙe shi da filafili. Ta ɗora hannunta a kan nasa a jikin sandar, ta yi wata jifa da in da yana da baki da ta sha zagi. Koton ya faɗa ruwa ya tsaya cak. Ta fara yi masa hira ƙasa-ƙasa, wai rufin akurkin kaji yana yoyo, wai tumatir ya nuna ya yi mata yawa, ba ta san wanda za ta ba ba. Na kau da kai na kalli gaɓa.

Ban san daidai lokacin da ya tafi ba. Ita ta sani. Hirar ce na ji ta tsaya, na juyo na ga ta zare robar daga hancinsa, ta miƙa hannu ta rufe tukunyar iskar. Ba ta sake shi ba.

"Mu koma?" na ce.

"Bari tukuna."

Na bari. Can baya a bakin gada motar na nan yadda ta bar ta, ƙofa a buɗe, injin yana ta aiki.