Lambar Sirrin Baba Mai Agogo

"Sake gwada ranar haihuwarsa," in ji Inna, tana shafa masa goshi.

Na sake gwadawa, wayata ta ce ba ita ba ce. Baba Mai Agogo, mijin Inna, maƙwabcinmu na ƙasan bene, yana kwance yana kallona da ido ɗaya mai motsi. Tun da ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki bakinsa ya karkace, wayarsa kuma ta faɗa bokiti ta mutu. Asibiti sun ce a dawo da shi gida a yi ta addu'a.

Auta, 'yarsu tilo da ke aikin jinya a ƙasar waje, tana ta roƙon a haɗa ta da shi ta bidiyo ta ga fuskarsa. To ɗakin nasu sai ka ce rijiya, sabis ba ya shiga. Dole sai wayfai ɗin gidan, lambar sirrinsa kuwa Baba kaɗai ya sani. Mutumin nan ba marowaci ba ne, zai gyara maka agogo kyauta, amma ka tambaye shi lambar nan sai ya karɓi wayarka, ya juya maka baya, ya danna da kansa. Ni girman kai ya hana ni taɓa miƙa masa tawa. Ita Inna ƙaramar waya mai madannai take riƙewa.

Maigidana ya sauko ya ɗaga akwatin wayfai ɗin. "A danna wannan ramin ya koma sabo, sai mu sa lambar da ke rubuce a ƙasansa."

Ya juya shi. Takardar tana nan, amma fari fat.

"Wa ya goge wannan?"

"Ni ce," Inna ta ce a hankali. "Kullum da jiƙaƙƙen tsumma nake bin sa. Ƙura yake kamawa."

Muka ajiye akwatin ba mu taɓa ramin ba. Muka kira mai gyara, ya ce yana hanya, har yau yana hanya.

Na durƙusa kusa da shi. "Baba, faɗa min ko harafi ɗaya."

Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi. Leɓensa na rawa, yawu na gangarowa, Inna na sharewa da bakin mayafi. Na sa masa biro a hannun hagu, ya ja layi ɗaya a karkace, biron ya suɓuce. Na fita bakin titi inda ake samun sabis na kira Auta.

"Anti, yana gane mutane?"

"Yana ganewa."

"Ki ce masa ina zuwa. Ki ce ya jira ni."

Na koma na faɗa masa. Hawaye ya gangaro daga idon nan ɗaya ya shige kunnensa. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Ban taɓa jin haushin wani abu a duniya kamar yadda na ji haushin akwatin nan ba.

Auta ta iso bayan an yi jana'iza, ana zaman makoki. Tana sa ƙafa a ƙofar falo, ko takalmi ba ta cire ba, wayarta ta fara ƙara a cikin jaka, saƙonni na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ta ciro ta duba, ta tsaya cak.

"Inna, ta hau wayfai ɗin da kanta. Zuwana na ƙarshe Baba ya sa min." Ta danna nan, ta danna can, sai ga lambar ta fito ɓaro-ɓaro. "Tana wayata. Duk ranar nan tana hannuna."

Cikinmu babu wanda ya yi tunanin tambayarta, ita ma ba ta tuna ba.

Ta sulale ta zauna a ƙasa, jikin teburinsa na aiki, ta kifa wayar a cinya. Inna ta matso ta cire mata takalman. A saman teburin, tsakanin agogunan mutane da bai gama gyarawa ba, koriyar fitilar akwatin tana ta ƙiftawa.