Lambobin da Hajiya Ta Bari

Ranar Talata likita ya ce mini ciwon suga ya fara taɓa ni. Ya ce bai yi nisa ba, in nemi na'urar gwaji ta gida in riƙa dubawa kullum kafin in karya. Na ce to. Ban ji tsoro ba, ban ma ji komai ba. Tun da mahaifiyata ta rasu, wata biyar ke nan, duk abin da aka faɗa mini "to" nake cewa.

Ciwon da ya tafi da Hajiya ke nan. Na'urarta tana nan cikin gwangwanin da take ajiye zare da allura, kuma ni na saya mata ita. Ban ga dalilin sayen wata ba. Washegari, ko ruwa ban sha ba, na hau babur daga Ƙofar Marusa zuwa kemis ɗin Almu a Ƙofar Kwaya, don ya sa mata batir ya ba ni tsinkayen gwaji.

Ajinmu ɗaya da Almu a firamare, kuma tun lokacin bakinsa ba ya hutawa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sake yi mini gaisuwar Hajiya kamar jiya aka yi rasuwar.

"Malam Sada, kai ma ka shigo ƙungiya ke nan? Mi za ka yi da wagga tsohuwa? Tsaya ka ga yayi."

Ya jera mini sababbi uku a kan kanta. Ɗaya ƙarama ce, ta shiga aljihu ba wanda zai san kana da ita. Ɗaya ba ta son jini da yawa. Ta ukun faffaɗa ce, lambobinta manya-manya, ya ce ta tsofaffi ce masu matsalar ido. Na ce shi dai ya sa mini batir.

Shekara shida na yi ina aiki a Funtuwa, kuma ban taɓa fashin kiran Hajiya da ƙarfe bakwai na safe ba. Tambayata ɗaya ce: "Nawa yau?" Sai ta ce, "Ɗari da goma, tahi aikinka." Wata rana ɗari da sha biyar. Tsohuwar malamar makaranta ce, da kanta take gwajin, da kanta take karantawa. Sau uku ƙanwata Fadila, wadda ke zaune da ita, ta kira ni ta ce Hajiya tana ramewa, shan ruwanta ya yi yawa, ƙujewar ƙafarta ta ƙi warkewa, mu kai ta asibiti. Na ce mata yaushe ta zama likita, ai na'ura ba ta ƙarya. Har dariya na yi mata.

Almu ya sa batir, na'urar ta yi ƙara ta kawo haske.

"Ka san tana ajiye duk gwajin da aka yi, da rana da lokaci?" Ya danna wani maɓalli da ban taɓa kula da shi ba. "Ka ga na ƙarshe nan. Ɗari huɗu da..."

Ban taɓa ganin Almu ya bar magana a tsakiya ba.

Na karɓa na riƙa dannawa da kaina. Ɗari huɗu da sha biyu. Ɗari uku da tamanin. Ɗari uku da casa'in da ɗaya. Na koma baya wata guda, wata biyu, wata uku, ban ga ɗari da goma ba ko sau ɗaya. Daga nan idona ya kai kan lokutan. Kowace safiya gwaji uku ne: bakwai saura ashirin, bakwai saura kwata, bakwai saura biyar. Sau uku take huda yatsanta kafin wayata ta shigo, ko za ta dace da lambar da za ta iya faɗa mini.

"Halan na'urar ce ta lalace," in ji Almu a hankali.

Na miƙa masa yatsa. Ya goge, ya huda, ya ɗiga jinin a kan tsinken ta Hajiya, ya ɗiga a na sabuwa. Ta Hajiya ta ce ɗari da talatin da huɗu, sabuwar ta ce da shida. Lafiyarta lau.

Na tsaya ina jira in ji wani abu, kuka ko jiri. Babu. Kunya ce kawai, ita ma kamar ta wani ce aka ba ni ajiya. Wata mata ta shigo ta sayi maganin tari ta fita, ina nan riƙe da auduga a yatsa.

"Akwai tsinkayenta in kana so," in ji Almu. "Sai dai ma'ajiyarta ta cika. Duk gwajin da ka yi, zai ture ɗaya daga na Hajiya."

"Na yanzu ma ya ture?"

"Ya ture."

Na ce ya kashe ta ya naɗe mini a leda. Fadila tana da haƙƙin ganin lambobin nan, kuma ni ya kamata in kai mata su, in zauna har ta gama dannawa.

"To wace za ka ɗauka? Ƙaramar ta hi dacewa da ma'aikaci irinka."

Na dube ta. Da ita sai in shiga banɗaki in gwada in fito, matata Haulat ta tambaye ni, in faɗi abin da na ga dama. Na san kuwa zan faɗa, don tun jiya take tambayata yadda muka yi da likita ina ce mata gajiya ce.

Na tura masa ƙaramar gefe.

"Ba ni ta tsofaffin," na ce. "Wadda Haulat za ta hango daga bakin ƙofa ba sai ta tambaye ni ba."