Ruwan Da Ya Ɓullo A Silin Mai Aski

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mijinta, Anti Tela ta mayar da keken ɗinkinta falo, ta bar masa ɗakin da ke da esi. Likita ya ja mata kunne cewa gumi ne ke jawo gyambon kwanciya. Esin tsoho ne, gurnani yake kamar akuya mai mura, amma yana sanyaya ɗakin.

Sai ya fara zubar da ruwa. Ta tara bokiti, ta shimfiɗa tsumma, duk da haka ruwan ya bi bango ya ɓullo a silin shagon mai aski da ke ƙasansu. Rannan da hantsi wakilin mai ginin ya hauro da ƙarti biyu da akwatin kayan aiki.

"Anti, mai gini ya ce a cire shi yau."

Ta tsaya a bakin ƙofa, almakashi a hannunta. "A cire wa?"

"Esin mana. Silin mutane ya rufto rabi."

"Ni ma na gani, ba makauniya ba ce. Za a gyara."

"Ba gyara aka aiko ni ba."

"To, ka koma a sake aiko ka. Mai son ya taɓa esin nan, sai ya fara ɗauke ni ya ajiye a titi."

Ƙartin suka kalli almakashin, suka kalli juna. Wakili ya ce da la'asar zai dawo, kuma ko da 'yan sanda ne sai ya shiga.

Ta kira mai gyaran da ya saba zuwa a waya, ashe ya yi tafiya. Da ya ji bayaninta, ya ce ba gas ɗin esin ba ne, hanyar ruwa ce ta toshe, ta jira ya dawo.

"Ba ni da lokacin jira. Faɗa min yadda ake yi."

"Haba Anti, allura daban, wannan daban."

"Keken ɗinki nake warwarewa in haɗa. Yi magana."

Ya yi dariya, ya shiga yi mata bayani. Ta kashe wuta, ta taka kujera, ta ɗaga murfin. Ragar tace iska ta yi bargon ƙura, har kunya ta kama ta, don tun da maigidan ya kwanta ba wanda ya tuna da ita. Shi ne mai wankewa a da. Ta kai ragar bayi ta wanke, ta goge kwatamin da ruwa ke taruwa, wanda ya cika da yauƙi. Saura tiyon da ke fitar da ruwa waje. Ta leƙa ta taga ta jawo bakinsa, ta tarar zanzaro ya gina gida a ciki, ya liƙe shi da laka. Ta zura waya ta farfasa, ruwa bai fito ba. Ta rufe ido ta kafa baki ta zuƙa.

Ruwan ɗoyi ya feso mata a fuska, har cikin hanci. Tana tari tana tofarwa, sai ta ji wani sauti daga gado. Mijin ne ke dariya da rabin bakinsa.

"Au, dariya ma kake yi min? Za ka warke ka same ni."

Ta sauka ƙasa da jiƙaƙƙiyar riga ta ba mai aski haƙuri. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dube ta, sai ya fasa. Shi ya ɗauko tsani, suka ƙara wa tiyon tsawo har kwata.

Da la'asar wakili ya dawo, ba ɗan sanda ko ɗaya. Ya shafa bango ya ji ba sabon ruwa, amma ya ce umarni umarni ne.

Wannan karon ta kauce daga ƙofar. "Bismillah. Ga mai esin can a kwance. Shiga ka gaya masa da bakinka."

Ya shiga. Mara lafiyar ya ɗago hannunsa mai motsi ya miƙa masa. Wakili ya riƙe hannun, ya yi masa sannu, ya ƙara yi masa sannu, ya fito yana gyara hula. A kan matakalar bene ya ce zai faɗa wa mai gini abin da ya gani, amma kada ta ɗauka an gama.

"Ka ce masa ya zo da kansa," in ji ta. "Ina nan, ba inda za ni."

Ta koma kan keke, akwai rigar makarantar da aka ce lallai gobe za a karɓa.